Kuɗin Fito A Kan Kayanka

Tun shekarar 1999 da kamfanin Volks na Japan ya fito da 'yan tsana masu tsada, masu tara su suka ɗauki al'adar cire kan 'yar tsana su aika wata ƙasa a zana masa fuska. Wahalar tana wajen komowa. Sau da yawa ma'aikatan kwastan sukan ɗauke shi sabon kaya, su ɗora kuɗin fito a kan dukan tamaninsa.

Wannan darasi ne ga 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun masu aika agogo ko injin waje don gyara. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta yarda a biya fito a kan ladan aikin kaɗai, amma sai mai kaya ya nuna shaidar fitarsa.

Saboda haka a sanar da kwastan tun kafin kaya su tashi, a adana rasit da takardar gidan waya. Kada a rage tamani don gudun haraji, gama in kaya suka ɓace, diyya ba za ta wuce abin da aka rubuta ba. Rigakafi ya fi magani.