Gargaɗi a kan Koya wa Yara Sana'ar Gyaran Bakin Teku

Ya ku 'yan'uwa, ku sani ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, kuma gyaran abin da hannuwan mutane suka ɓata farilla ce ta kifaya: in wasu sun tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Gyara kuwa ba ya yiwuwa sai da sani.

Ku dubi ƙasar Ogoni a kudancin Nijeriya. An fara haƙar mai a can a 1958, aka daina a 1993, amma ɓarnar ta wanzu. A 2011 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana abin da suka gani: a Ogale sun sami guba mai suna benzin cikin ruwan rijiya, ninki 900 bisa haddin da hukumar lafiya ta duniya ta yanka. Suka ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30, suka kuma ba da shawara a gina makarantar horar da masu wannan aiki. Gwamnati ta buɗe aikin a 2016.

To, aikin shekara 30 na yaran da ke riƙe da allo ne yau. Ana bukatar mai auna ruwa da ƙasa, da mai kwashe mai daga laka, da mai renon itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe gaɓa, kifi kuma na hayayyafa a ƙarƙashinsu. In babu su, masunci ya rasa abinci.

Wani zai ce, ina ruwanmu da teku? Amsa ita ce, kuɗin man nan ana raba shi ga jihohi duka, har da namu. Wanda ya ci amfani, ba ya halatta ya juya baya ga ɓarna. Kuma wanda ya iya rayar da gaɓar teku, ba zai rasa dabarar tare hamada a ƙasarmu ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da malamai da iyaye, a sa wannan sana'a cikin makarantu, a koyar da ita da hannu a fili, bayan yaro ya san farillan addininsa. Takardar shaida ba ta dasa itace.

Allah Ya sa mu cikin masu gyara.