Kumburin Ƙafa Guda Bayan Doguwar Tafiya

Sanin kowa ne mutanen Gaya da na Ajingi ba baƙin hanya ba ne. Falke yakan loda hatsi ko dabbobi, ya bi ta Wudil ya nufi Ikko, ya wuni ya kwana a takure cikin mota, ƙafafu a naɗe tsakanin buhuna. Maniyyaci kuwa, bayan zaman jira a sansanin alhazai na Kano, ga zaman jirgi na awa 4 ko fiye kafin a sauka Jidda. To, cikin irin wannan zama akwai wata cuta mai shigowa ba sallama.

Ga yadda al'amarin yake. Jinin da ya gangara ƙafa, naman sha-raɓa ne ke taimakonsa komawa zuciya, domin duk sa'ad da aka taka ƙasa sai ya matsa jijiya ya tura shi sama. In an daɗe ba motsi sai jinin ya kwanta kamar ruwan kududdufi, har ya yi guda cikin jijiya. Gudan nan in ya ɓalle yakan tafi ya toshe jijiyar huhu, mutum ya faɗi farat ɗaya. Likitocin Landan sun shaida haka a 1940, ga waɗanda suka riƙa kwana zaune a kan kujeru cikin maɓoya saboda bama-baman Jamus. A 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana riɓanya haɗarin wajen sau 2. Tsoho, da mai ƙiba, da mai ciki, da mai jego, da wanda aka yi wa aikin asibiti, su ne abin ya fi yi wa barazana. Haka malamin da jinya ta kwantar da shi kwana da kwanaki.

Rigakafin ba ya cin ko anini. Matafiyi ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa, yana juya idon sawu, ya sha ruwa isasshe, in mota ta tsaya ya sauko ya taka. Direban da ke ƙin tsayawa don gudun ɓata lokaci, lalle fatake su matsa masa, su ne suka biya kuɗin mota. Akwai kuma safa ta musamman mai matsa ƙafa, ta fi kamawa a idon sawu, tana sassautawa zuwa ƙasan gwiwa. Sai an auna ƙafa kafin a saya, ba a naɗe bakinta, ɗaurin roba ko tsumma kuwa ba ya zama madadinta. Mai ciwon suga ko mai ƙarancin gudun jini a ƙafa kada ya sa sai da izinin likita.

Amma inda aka fi yin kuskure shi ne bayan an dawo gida. Ƙafa guda ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, sai a ce gajiya ce ko sanyi, a kira mai tausa, ko wanzami ya kafa ƙaho. Ƙaho ba ya kai wa ga gudan, tausa kuwa tana iya ɓalle shi. Safa ma ba ta narkar da jinin da ya riga ya daskare. Wajibi ne a kai mutum Babban Asibitin Gaya a ranar, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi hoton jijiya, a ba shi maganin hana jini daskarewa, wanda akan sha wata 3 ko fiye. In kuwa numfashi ya soma sarƙewa, ko ƙirji ya ɗau suka, to, ko tsakar dare ne kada a jira wayewar gari.

Malaman da ke yi wa maniyyatan Gaya da Ajingi bita ya kamata su shigar da wannan bayani cikin karatunsu, haka sarakunan tasha su riƙa faɗa wa fatake kafin mota ta tashi.