Sharhi: Me ya sa shafukan labarai ke tsayawa a ranar da aka fi buƙatarsu?

A ranakun da babban labari ya ɓarke, kamar 26 ga watan Yulin 2023 a Yamai, ƴan Nijar na gida da na ƙetare kan yi rububin buɗe shafukan labarai a lokaci guda. A irin wannan sa'a ce shafi mai rauni ke yin nauyi ko ya ƙi buɗewa. Mai karatu kuwa ba ya jira: sai ya koma WhatsApp, inda jita-jita ba ta da mai tace ta.

Sau da yawa ana ɗora laifin a kan yawan labaran da aka tara. Amma Wikipedia ta Turanci na ɗauke da maƙaloli sama da miliyan 6, kuma tana buɗewa cikin sauri. Matsalar tana ga yadda ake haɗa shafin.

Manhajoji irin su WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke amfani da ita, ba sa ajiye labari a matsayin kammalallen shafi. Duk lokacin da wani ya latsa, sai babbar na'urar da ke ɗauke da shafin ta shiga rumbun bayanai, ta ɗauko rubutu da hotuna da jerin labarai masu alaƙa, ta harhaɗa su. Idan mutum dubu goma suka latsa tare, aikin guda ne za a maimaita sau dubu goma.

Ita ma Wikipedia ta taɓa ɗanɗana wannan. Ranar 25 ga watan Yunin 2009, da mawaƙin Amurka Michael Jackson ya mutu, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa maƙalarsa, masu gyara kuma suna ta sauya ta. Kowane gyara na tilasta sake gina shafin, na'urori da yawa suna yin aikin lokaci ɗaya, har shafin ya tsaya na wani ɗan lokaci. Daga baya injiniyoyinta suka ƙirƙiro tsarin da ke taƙaita yawan na'urorin da za su gina shafi guda, sauran buƙatu su jira ko a ba su kwafin da ke ajiye.

Darasin shi ne a gina shafi sau ɗaya, a ajiye kwafinsa, a kuma kai kwafin kusa da mai karatu. A 2022 Wikimedia ta buɗe irin wannan ma'ajiya a Marseille ta Faransa, inda manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku daga Afirka ke sauka. Ga mai karatu a Maradi ko Damagaram da ke lissafin kuɗin data, rage nauyin hotuna ma na da muhimmanci iri ɗaya.

Sai dai kwafi na da nasa haɗari ga aikin jarida. Idan aka yi kuskure a adadin waɗanda suka rasu ko a sunan wani, sannan aka gyara, tsohon kwafin na iya ci gaba da yawo har sai an goge shi a kowace ma'ajiya. Don haka gidan jaridar da ke son ɗorewa dole ya gwada abu biyu tun kafin ranar cunkoso: ko shafinsa zai jure taron jama'a, da kuma minti nawa gyara ke ɗauka kafin ya isa ga kowa.