Lambar Jamus da Liyari: A San Kaya Kafin a Ɗora a Sikeli

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Yau za mu ɗan ajiye farashin riɗi da zoɓo da shanu, mu yi magana a kan wani ciniki ƙarami wanda ake cutar mutane a cikinsa ba su sani ba. Watau cinikin tsofaffin lambobin soja da tsofaffin kuɗin azurfa da ake cewa na Jamus ne.

Kowa ya san yadda abin yake. Tsohuwa ta buɗe adaka ta fito da liyarin da ta gada wurin uwarta, ko magada su tsinci lamba a cikin ɗan akwati a kayan kakansu tsohon soja, su kawo wa dillali. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai a ɗora a sikeli a biya kuɗin azurfa, maƙeri ya narke ya yi zobe, ko kuwa wani ya zo ya hure wa mai kaya kunne cewa Turawa na saye da miliyoyi, ya karɓi kuɗin mota da na "gwaji" ya ɓace. Ra'ayinmu shi ne duka biyun asara ce, kuma maganinta ɗaya ne, a san kaya kafin a yi masa kuɗi.

Mu fara da liyari, don shi ya fi yawa a gidajenmu. Kuɗi ne na ƙasar Ostiriya, maƙwabciyar Jamus, masu harshe ɗaya da ita. Matar da ke jikinsa sarauniya ce mai suna Mariya Tereza, a bayansa kuma ga gaggafa mai kai biyu. Ya shigo mana tun zamanin fatauci ta hamada. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel ta wancan zamani a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta cewa Gumel babbar kasuwar kanwa ce. Ya kuma rubuta cewa a Kano ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Sunan nan "dala" ma daga irin wannan kuɗi ya samo asali, ga shi har yau duk ran Alhamis a Maigatari 'yan canji suna lissafin sefa da dala, kowace dala tamma biyar.

To ga inda ake ruɗin mutane. Kusan duk liyarin da za ka ɗauka za ka ga an rubuta 1780. Sai mayaudari ya ce ka gani, shekara fiye da ɗari biyu ke nan. Ba haka ba ne. A 1780 sarauniyar ta rasu, sai fatake a Habasha da Yaman da ƙasashenmu suka ƙi karɓar kowane irin sai mai wannan shekara, saboda haka aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin ba canji. An buga a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Bombai a shekarun 1930 da 1940, har adadinsa ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Biyana bai daina ba har yanzu. Abin da ya yi wannan yawa ba zai sayi gida ba. Amma fa ba banza ba ne, don azurfa ce ta gaske. Nauyinsa giram 28, a ciki giram 23 da ɗoriya azurfa ce tsantsa. Wanda ya san wannan lissafi, ya kuma tambayi kuɗin giram na azurfa a ranar, ba mai saye masa ƙasa da haka.

Gwajinsa ba wuya. A auna shi, in ya gaza giram 28 da nisa a yi hattara, sai dai wanda aka huda ko ya sha wuya a jiki yakan ɗan ragu. A kusanta shi da maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa. A ɗora a kan yatsa a ƙwanƙwasa, na gaske yana da amo mai tsawo, na darma kuwa muryarsa a mace take. A duba bakinsa, akwai rubutu a zagaye. A ƙarƙashin hoton matar kuma akwai haruffa biyu, S.F., na ma'aikatan gidan buga kuɗi na Gunzburg, garin da yau yake cikin Jamus.

Sa'an nan lambobin soja. Ba abin mamaki ba ne a sami na Jamus a wannan yanki. Jamusawa sun riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916, har Dikwa tana hannunsu, kuma sun ɗebi Hausawa da Barebari aikin soja. A yaƙin duniya na farko sojan Nijeriya suka ci Garwa a 1915, Dutsen Mora kuma bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, a wurin Jamusawa ya fara soja, aka kama shi a Garwa, daga baya ya yi wa Ingila aiki har Habasha da Bama, ya sami lamba a wurin waɗancan ya samu a wurin waɗannan. Irin waɗannan mutane sun dawo gida da abubuwa a aljihu, wasu nasu ne, wasu ganima.

Lambar Jamus da aka fi sani ita ce Gicciyen Ƙarfe. An ƙirƙiro ta a 1813, aka sabunta a 1870 da 1914 da 1939. Ta 1914 baƙa ce, da kambi a sama, harafin W a tsakiya, shekara a ƙasa. Ƙirarta ɓangare uku ne, baƙin ƙarfe a ciki, da firam na azurfa gaba da baya da aka like. Saboda haka akasari tsakiyarta na kama maganaɗisu, gefenta ba ya kamawa. In ka ga guda ɗaya ce zubin tukunya, da ƙuraje a jikinta, to ta jabu ce. Mai daraja ta biyu tana da zobe da ƙyalle baƙi mai ratsin fari, an raba miliyoyinta a wancan yaƙi, don haka kuɗinta daidai wa daida ne. Mai daraja ta ɗaya bayanta shafe yake, da allurar maƙalawa a riga, ita ce aka fi samu a ɗan baƙin akwati mai maɓallin dannawa, da karan-miski a ciki.

A lura kuma, ba duk lamba mai rubutun boko ce ta Jamus ba. Mafi yawan waɗanda ke gidajen tsofaffin sojanmu na Ingila ne, kamar tauraron Bama mai tsini shida. Lambobin Ingila na yaƙin farko ana buga sunan soja da lambarsa a bakinsu. Gicciyen Jamus kuwa ba a ba da shi da suna, takardar da aka bayar tare da shi ita ce shaida. Wannan ya sa muke cewa akwati da ƙyalle da takarda ba shara ba ne. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi biyan lamba da ke tare da gidanta da takardarta nesa ba kusa ba. Dillalin da ya raba su, ya sayar da lamba ya bai wa yara akwatin su yi wasa, kamar ya sayar da doki ne ya yar da sirdi da linzami. Haka nan kada a goge da toka ko lemun tsami ko yashi don ta yi ƙyalli. Wannan duhun tsufa shi mai saye ke nema, gogewa rage kuɗi take yi.

Wani zai ce, mu 'yan kasuwa ne ba malaman tarihi ba, mai kaya na bukatar kuɗin magani yau, ina ruwanmu da Mora da Garwa? Gaskiya ne bukata ba ta jira, kuma liyarin da ya lotse ko ya sha huda ba laifi a sayar da shi a kan nauyi. Amma lamba ba nauyinta ake saye ba. Azurfar da ke gefen Gicciyen Ƙarfe ba ta taka kara ta karya ba, in aka narke ta an kashe kuɗin an kashe labarin. Mai bukata shi ya fi cancanta a gaya masa gaskiyar abin da ke hannunsa. Jarin dillali kuwa amana ce. Ranar da magada suka ji abin da aka sayar da lambar kakansu a Kano bayan an ba su kuɗin goro, ba za su sake kawo maka ko akuya ba.

Akwai kuma maganar hukuma. Tun dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, fitar da kayan tarihi waje sai da izininta. Mu da ke bakin iyaka ya kamata mu kiyaye. Kafin a tsallaka da wani tsohon abu, a je Gidan Makama a Kano a tambaya ko yana cikin abin da dokar ta shafa.

Shawararmu a taƙaice: a auna, a gwada, a nuna wa mutum biyu ko uku da ba su san juna ba kafin a sallama. Duk wanda ya ce sai ka ba shi kuɗi kafin ya kawo mai saye, ka kama gabanka. In kuwa lambar na ɗauke da sunan kakanku, ku zauna ku yi shawara da dangi tukuna, don kuɗin za su ƙare a kasuwa ɗaya, ita kuwa in ta tafi ba ta dawowa. Muna roƙon shugabannin dillalai su karanta wa mutanensu wannan a ranar kasuwa.