Kama da wane ba ta wane: Neo da Superman ba Yesu ba ne



Akwai wata al'ada da ta fara yin saiwa a zumuntar matasanmu a nan Legas, har ta fara hawa kan bagade. A tayar da janareto, a kunna majigi, a haska The Matrix ko Man of Steel, sai shugaba ya miƙe ya ce, "Kun ga jarumin nan? Hoton Yesu ne." Matasa su tafa, a yi addu'a, a watse. Wasu na kiran wannan sabuwar dabarar bishara. Ni kuwa na ce ganganci ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ban musa cewa akwai ƙamshin Littafi Mai Tsarki a finafinan nan ba. A The Matrix na 1999, na'urori sun bautar da 'yan Adam, suna tatsar wuta daga jikinsu, sun rufe musu hankali cikin duniyar ƙarya ta kwamfuta. Birnin da ya rage wa masu 'yanci sunansa Sihiyona. Jirginsu Nebukadnezzar. Jarumar Triniti. Akwai maci amana, Cypher, wanda ya sayar da 'yan'uwansa yana cin nama a kan tebur da magabci, kamar Yahuza. An harbe Neo ya mutu, ya tashi. A jikin jirgin ma an rubuta Mark III No. 11, wanda masu kallo da yawa suka danganta da Markus 3:11. Tun a 1951, a fim ɗin The Day the Earth Stood Still, baƙon da ya sauko daga sama ya sa wa kansa suna Carpenter, wato kafinta, aka kashe shi, ya dawo da rai. E.T. na 1982 ya warkar da rauni da yatsa, ya mutu, ya farfaɗo, ya koma sama. Duk wannan gaskiya ne. Amma biri ma ya yi kama da mutum.

Mu tambayi The Matrix tambayar da ake yi wa kowane mai wa'azi: mene ne ciwon ɗan Adam, kuma mene ne maganinsa? Amsar fim ɗin ita ce ciwonmu rashin sani ne. Duniyar da ido ke gani yaudara ce da mugayen masu iko suka ƙera, kuma wanda ya haɗiyi jar ƙwaya ya samu ilimin ɓoye, shi ne ya tsira. Babu zunubi a ciki, babu tuba, babu gafara. Wannan koyarwa ba sabuwa ba ce. Ita ce ta 'yan Ginostik, waɗanda Bishop Iraniyus na birnin Liyon, a Faransa ta yau, ya rubuta babban littafi yana ƙaryata su wajen shekara ta 180. Farawa 1:31 ta nuna Allah ya dubi halittarsa ya yaba da kyaunta, 1 Yohanna 4 kuma ta sa shaidar cewa Yesu ya zo cikin jiki ta zama ma'aunin gane ruhun gaskiya. Abin da iyayen Ikkilisiya suka kora ta ƙofa, mu ne yau muke shigo da shi ta taga, har da tafi.

Batun Man of Steel ya fi ban takaici, domin a nan da gangan aka yi. A 2013 kamfanin Warner Bros ya gayyaci fastoci a Amurka su kalli fim ɗin kyauta, aka kuma raba musu tsararren wa'azi da ke kiran Yesu jarumi na asali, don su karanta wa jama'arsu. Shi ya sa aka ba Clark Kent shekara 33. Shi ya sa aka zaunar da shi cikin coci, hoton Yesu a Getsamani yana bayansa a jikin gilashi. Shi ya sa ya faɗo daga jirgi hannuwa a buɗe kamar wanda aka gicciye. Talla ce, 'yan'uwa. Ɗan kasuwa ya gano inda kuɗin masu zuwa coci yake, ya sa musu tsaba. Superman kansa Yahudawa biyu ne suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, ya fara fitowa a 1938, kuma labarin jaririn da iyayensa suka sa a ƙaramin jirgi don ya kuɓuta ya fi kama da na Musa a Fitowa 2.

To, yaya waɗannan "masu ceto" suke ceto? Neo ya shiga bene ɗauke da tarin bindigogi ya karkashe masu gadi. Superman ya karya wuyan Janar Zod bayan an ragargaza rabin birni. A daren da aka kama Yesu kuwa, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, sai Ubangiji ya umarce shi ya mayar da takobin kube, ya taɓa kunnen ya warkar da shi. Ku duba Matiyu 26, Luka 22 da Yohanna 18. Da yawa cikin matasanmu daga Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da kudancin Borno suka zo, wasu sun binne 'yan'uwa da hannunsu, kuma zuciya na raya musu ramuwar gayya. Irin wannan yaro za ka nuna wa mutum riƙe da bindiga biyu ka ce masa ga kamannin Almasihu? Me kake tsammani zai ɗauka ya tafi da shi gida?

Star Wars ma haka. Na sha jin ana kwatanta ƙarfin nan da suke kira Force da Ruhu Mai Tsarki. Force ƙarfi ne marar rai, mai ɓangaren haske da ɓangaren duhu, kowa ya ƙware zai juya shi yadda ya ga dama. Ruhu Mai Tsarki kuwa Allah ne, yana magana, ana ɓata masa rai, babu duhu a cikinsa, kuma ba a sarrafa shi. Siman mai sihiri ya nemi sayen ikon nan da kuɗi a Ayyukan Manzanni 8, kun san amsar da ya sha daga bakin Bitrus. George Lucas bai ɓoye cewa ya ɗebo daga addinai dabam-dabam da kuma littafin Joseph Campbell na 1949 kan tatsuniyoyin jarumai ba.

Masu wannan al'ada sukan kafa hujja da Bulus a Atina, cewa ai shi ma ya ɗauko zancen mawaƙan Helenawa. Haka ne, yana nan a Ayyukan Manzanni 17. Amma Bulus bai ce gunkin Atinawa hoton Yesu ne ba. Ya fara daga abin da suka sani, ya rushe bautar gumakansu, ya ƙare da kira ga tuba da tashin matattu, har wasu suka yi masa ba'a. Mu kuwa a nan muke tsayawa inda ya fara.

Kada dattawan da ke cewa duk fim na Shaiɗan ne su yi murna, domin ba bayansu nake bi ba. Hani bai hana komai ba, finafinan suna cikin wayar kowane yaro, wasu har da fassarar Hausa. Kuma akwai darussa na gaske ga mai idon gani. A Return of the Jedi na 1983, Luke ya jefar da takobinsa ya ƙi kashe mahaifinsa, wannan jinƙan ne ya karya zuciyar mugun uban har ya juyo. A The Book of Eli na 2010, azzalumin gari yana farautar Littafi Mai Tsarki na ƙarshe domin ya mallake talakawa da shi, shi kuma Eli, wanda Denzel Washington ya fito a matsayinsa, ya gane cewa ya daɗe yana gadin littafin har ya manta da aikata abin da ke ciki. Wannan gargaɗi ne ga fastoci da mu duka. Jurassic Park na 1993 kuma labarin hasumiyar Babila ne da rigar kimiyya: mutum ya iya, sai ya ɗauka ya isa.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi. In za ku nuna fim, ku fara kallonsa ku kaɗai. Ku zo da Littafi a buɗe. Bayan an gama, ku tambayi yaran abu uku: me fim ɗin ya ce shi ne ciwon mutum, wa ya ce zai cece shi, kuma ta wace hanya? Sai ku gwada amsoshin da nassi, kamar yadda mutanen Biriya suka riƙa gwada wa'azin Bulus kansa. Dattawan ikkilisiya kuma ku riƙa leƙa taron matasa, kada ku bar shi ga wanda ya fi iya haɗa majigi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda yake da ja, filin sharhi a buɗe yake, amma ya zo da aya. Ubangiji ya ba mu ruhun rarrabewa. Amin.