Koren ƙuda ba ado ba ne a kan teburin nama

Ran kasuwa na tsaya sayen nama, sai na ga tsokar ta yi baƙi ƙirin da ƙudaje, irin manyan nan kore masu ƙyalli. Da na yi magana, mahaucin ya kaɗa tsumma, ya yi dariya: "Haba, ƙuda ne fa kawai!"

To 'yan uwa, bari mu bi sawun wannan "kawai". Koren ƙuda a cikin mushe, tumbin da aka zubar da ramin salga yake zuba ƙwai. Da zafi irin namu, kwana guda ya isa ƙwan ya zama tsutsa. Daga can yake tasowa, ƙafafu da gashin jiki ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, Shigella da E. coli. In ya sauka bisa abinci, sai ya tofa yawu ya narkar da shi kafin ya tsotsa, ya kuma yi kashi a wurin. Nama in ya dahu sosai, wuta ta kashe su. Amma kilishin da aka shanya fa? Tsiren da ya huce, fura, yankakken mangwaro? Haka zawo da atuni ke shiga gida, kuma yara ƙanana suke fara kayarwa.

Maraɗi ta ga kwalara a 2018, ta dawo mana a 2021 har Damagaram da Tawa. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta, gaskiya ne, amma tushen ɗaya ne: kashi da shara a fili.

Ni ban ɗora laifi kan mahauci shi kaɗai ba. Kullum mai tikiti yana zagayawa rumfa-rumfa, ba ya fashi. Ina motar kwasar shara? Ina famfo a mahauta? Ina salga mai murfi a kasuwa? In kun iya karɓa, ku iya aiki!

Mu ma da namu. Murfin salga da ragar rufe nama ba su kai kuɗin kwana ɗaya a likita ba. Gobe in kun je cefane, teburin da ba a rufe ba, ku faɗa wa mai shi dalili, sannan ku wuce gaba.