Waiwaye: Gubar da ta shiga gida cikin buhu

Wanda ya tashi a ƙasar Gumel ba ya sanin dutse sai ya yi tafiya. Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ka gangara Maigatari bakin iyaka, rairayi ne da jigawa. Masana ƙasa sun ce muna zaune ne a kan yashi da laka da suka taru a kwarin Tafkin Chadi, suka binne tsohon dutsen can ƙasa, sai a wajejen Dutse da Birnin Kudu da Kazaure yake leƙowa. Saboda haka idan aka yi zancen ramin ma'adinai, mutumin Gumel yakan ɗauka ba da shi ake ba. Ni kuwa ina ganin da shi ake, kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010 shi ne hujjata.

Ƙasar Anka da Bukkuyum da Maru a kan tsohon dutsen take kai tsaye. A zamanin da babu ko ɗan Adam, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa yana bin tsagogin dutse, da ya huce sai ya bar jijiyoyin farar ƙanƙara. A cikin jijiyoyin nan zinariya take. Sai dai ba ita kaɗai ruwan ya ajiye ba. A wasu jijiyoyin akwai wani dutse mai nauyi da ƙyalli, haɗin dalma da farar wuta, irin wanda kakanninmu mata ke niƙawa su yi tozali. Turawan mulkin mallaka sun san da zinariyar Arewa. An fara rubuta abin da ake haƙowa tun 1913, harkar ta yi ƙarfi daga wajen 1933 zuwa 1943, Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da ita. Kamfanoni suka kwashe nasu-ya-nasu suka bar ramuka a daji.

Ramukan sun yi shekaru babu mai kula su sai 'yan tsiraru. Da farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza a 2009, manoma suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Ba na zargin kowa a nan. Mutumin da gonarsa ba ta kai shi damina, aka ce masa ga arziki a bayan gari, dole ya je. Inda abin ya ɓaci shi ne, ba a tsaya aikin a bakin rami ba. An riƙa cika buhuna da dutse ana kawowa cikin gari, a farfasa a tsakar gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa, wani lokacin ma injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da bakin rijiya.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda sanƙarau suka je nema, suka tarar da ƙauyuka da sabbin kaburburan yara fiye da ƙima. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya tafi. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, na sanƙarau bai yi ba. Da aka auna jini aka ga dalma. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu wuraren da ake sarrafa dutsen, kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce, ninki 250 na iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega: sama da yara 400 aka binne, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu, wasu da makanta, wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa.

A lura da waɗanda suka mutu. Ƙartin da ke shiga rami galibi sun tsira da ransu. Ƙananan yaran da ko hanyar ramin ba su sani ba su ne suka tafi, domin su ne ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki, kuma hanjin yaro ya fi na babba tsotse dalma nesa ba kusa ba.

Gyaran ma ya ci rai. Ba a iya ba yaro maganin fitar da dalma a mai da shi gidan da ya kwaso ta, sai an kankare ƙasar kowane gida an zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka fara yi mata wannan aiki, bayan an sha kiraye-kiraye kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Shekara biyu bayan haka, a 2015, aka sake ganin abin a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Hanya ɗaya ce, buhu daga daji zuwa tsakar gida.

Akwai guba ta biyu da ba a cika ambata ba, don ita ba ta kisa a fili. Zaiba ce, ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ake gani cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Mai wankin zinariya yana zuba ta cikin garin dutse ta kama zinariyar, ya matse a ƙyalle, ya ƙona dunƙulen a wuta. Zinariya ta zauna, zaiba ta tashi hayaƙin da ido ba ya gani, mai ƙonawa da na kusa da shi su shaƙa. Tana taɓa jijiya da ƙoda, ta sa hannu rawa da mantuwa, kuma tana ratsawa ta kai ga jaririn da ke ciki. Ƙananan masu haƙar zinariya su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, wadda aka sa wa sunan garin Japan da aka gano cutar zaiba a 1956, amma takarda ba ta isa bakin rami da kanta.

Ita zaibar daga wani jan dutse ake toyo ta, haɗinta da farar wuta, kuma wuraren da aka haƙe ta sun nuna tsawon ran wannan guba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a bakin tafkin Clear Lake, akwai tsohon ramin Sulphur Bank, inda maɓuɓɓugan ruwan zafi suka tara farar wuta a sama, zaiba a ƙasa. An fara kwasar farar wutar a 1865, zaiba daga 1873, aka rufe a 1957. A 1990 hukuma ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wurare mafiya haɗari a ƙasar, kuma har yau ana gargaɗin jama'a kan cin kifin tafkin. Ƙasa mai kuɗi irin Amurka ke nan, shekara sittin da ɗoriya bayan an daina aiki.

To, mu dawo gida. Matasanmu ba su zauna ba. Cin rani da a da ake yi a Kano da Legas ya karkata ga zinariya: wasu Zamfara da Neja, wasu sun tsallaka Nijar tun da aka gano ta Djado a 2014, ga kuma ta Ɗan Isa a jihar Maraɗi, inda rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18 a Nuwamban 2021. Wanda ya tafi zai dawo, da kayan aikinsa da ƙurar da ke jikin tufafinsa, wani ma da 'yar kwalbar zaiba ko ragowar dutsen da bai gama wankewa ba. Ƙasarmu kuma yashi ce, abin da aka zubar yana nutsewa, alhali rijiya da burtsatse muke sha. Ga kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, mutane da kaya na shiga da fita ta kowace kusurwa. Rashin dutse a ƙasarmu bai zama katanga ba.

Ina roƙon hakimai da dagatai da limaman masarautar Gumel su sa wannan magana cikin abin da suke faɗa wa jama'a. Kada dutsen ma'adinai ya shiga gida ko injin niƙan hatsi. Kada a ƙona zaiba a ɗaki ko kusa da mai ciki. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, a wanke kayan aikinsa daban. Uwaye mata su daina sa wa jarirai tozalin dutse. Idan kuma yaro yana jijjiga, an ba shi maganin zazzaɓi bai ji ba, kuma akwai mai zuwa haƙar zinariya a gidan, a faɗa wa likita haka ƙarara, a nemi a auna masa dalma a jini.